Filin Tambayi Bakanike: An sauya inji, esi ya ƙi sanyi

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonnin wannan makon kusan duk kuka ɗaya ne, an sauke inji an ɗora wani sai esi ya mutu ko ya koma hura iska mai ɗumi, shi yasa na tara su waje guda. Na farkon zai ci mana wuri sosai don amsarsa ta shafi sauran.

TAMBAYA: Salam Oga, ni mazaunin Agege ne. Motata Camry ce 2003 wadda ake cewa Big Daddy mai fulogi huɗu. Injinta ya buga a hanyar dawowa daga gida bayan sallah da kyar aka jawo ta, sai aka sayo min injin tokumbo a kasuwar kayan mota ta Ladipo, mai kayan yace na Camry Muscle ne 2008 amma duk 2AZ ne ba wani bambanci, har da kwamfuresan esinsa a jiki ya zo. Bakanike ya ɗora mota ta tashi lafiya lau amma esi shiru. Mai esi ya zuba gas har sau biyu, in na danna maɓallin sai fitilarsa tai ta ƙiftawa iska kuma zafi. Yanzu mai wayarin yace in bari ya jawo min waya dairek daga batir ya sa min makunni a ƙasan sitiyari shikenan an wuce wajen. Tsohon kwamfuresan yana can gareji a yashe. Dan Allah in yarda? Wallahi zafin garin nan da gosulo sun ishe ni.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Kar ka yarda. Kuma tun kafin ka gama karanta wannan amsar ka buga wa garejin waya kace su ɓoye maka tsohon kwamfuresan nan kar 'yan gwangwan suyi gaba da shi, don da alama shi ne maganinka.

Mai kayan bai yi maka ƙarya gaba ɗaya ba, injin 2.4 na Big Daddy da 2.4 na Muscle duk sunansu 2AZ-FE. Inda aka samu matsala shi ne mutane na ɗauka esi kayan inji ne, alhali kwamfuresa, wato famfon da ke tura gas ɗin esi, shi kaɗai ne yake ɗaure a jikin inji, duk sauran na bodi ne, kwandensa mai huce gas da ke gaban lagireto, bututan alminiyon, ɗan bawul ɗin da ke matse gas, ibaforeta wato ƙaramin lagireton nan da ke ɓoye cikin dashbod inda sanyin yake fitowa, da kuma akwatin da ke ba esi umarni. To kai yanzu kwamfuresanka ɗan 2008 ne bodi kuma ɗan 2003, kuma a tsakanin shekarun nan Toyota ta canza tsarin.

Na Big Daddy, Denso 10S17C, mai kulocin maganaɗisu ne. Ka danna maɓalli, rile wato ɗan makunnin lantarki ya sakar masa wuta bolt 12, sai kaji ƙas, farantin gaba ya manne da fuli wato ƙafar da bel ke juyawa ya fara juyi, in sanyi ya kai inda ake so ya saki ya huta. Na Muscle mai fulogi huɗu kuwa, 6SEU16C, ba shi da kuloci sam, muddin inji na aiki cikinsa na juyawa, abin da ke ƙara masa ƙarfi ko ya rage wani ɗan bawul ne na lantarki a jikinsa, shi kuma ba wuta tsagwaronta yake so ba, akwatin esi na motarsa ne yake aika masa wutar a yanke-yanke da sauri gwargwadon sanyin da ake buƙata a ciki. Akwatin motarka bai iya wannan aikin ba, ba a ƙera shi don haka ba. In kana so ka gani da idonka, buɗe bonet mota na silo wato inji na aiki tana tsaye, esi a kashe, haska tocila a goshin kwamfuresan daga nesa kar rigarka ta kusanci bel. In tsakiyar fulin na juyawa tare da bel to mara kuloci ne. Mai kuloci tsakiyarsa tsaye take cak sai an kunna.

Ƙiftawar fitilar ma tana da dalili. A jikin tsohon kwamfuresanka akwai wata 'yar sensa da ke ƙirga juyinsa, mota tana kwatanta shi da juyin inji, in basu yi daidai ba sai ta ɗauka kwamfuresa ya cije ko bel na zamewa, sai ta yanke wuta ta hau ƙifta fitila don kar bel ya tsinke, kuma a injin nan bel ɗaya ne yake jan altanato da famfon ruwa da fawa sitiyari duka, kaga in ya tsinke ba esi kaɗai ka rasa ba. Yanzu soket ɗin sensar nan yana can yana lilo ba inda za a soka shi. Ko an zuba gas sau goma fitilar ba zata daina ba.

Zancen dairek kuma, shi ne abin da ya fi kashe wa mutane kuɗi a harkar esi a garin nan. Wayar da ke zuwa kwamfuresa ba haka kawai take tafiya ba, sai ta bi ta hannun masu gadi. Akwai makunnin matsi a kan bututu, a Toyota yana yanke wuta in matsin ya faɗi ƙasa da wajen psi 28, wato gas ya zube, ko in ya haura wajen 450, wato fanka ta tsaya ko wani waje ya toshe. Akwai sensar sanyi a jikin ibaforeta da ke hana ta daskarewa ta zama ƙanƙara. Sannan birenbos, wato kwamfutar motar, yana ɗaga silo kafin nauyin kwamfuresa ya hau kan inji, ya kunna fanka, ya kuma kashe esi na ɗan lokaci in ka take totur ƙasa zaka wuce tirela ko in inji ya ɗau zafi. Waya ɗaya daga batir ta tsallake duk waɗannan. Ranar farko zaka ji sanyi har ka yi wa mai wayarin kyauta, bayan nan kana tsaye a Oshodi fanka ta mutu baka sani ba matsi yai ta hawa har tiyo ya fashe, ko gas ya zube kwamfuresa yai ta niƙa a bushe, don man da ke shafe cikinsa gas ɗin ne yake yawo da shi. In ya niƙe kansa kuma garin ƙarfen nan sai ya zaga ko'ina, kuma kwandensan motocin yanzu hanyoyin cikinsa sirara ne ƙwarai ba ya wankuwa, sai dai sabo.

Abin da za'ayi shi ne a mayar da naka na asali. Tunda inji ne ya buga ba esi ba, mai yiwuwa lafiyarsa ƙalau, amma a gwada. A kama farantin gaba da hannu a juya, ya tafi sumul da ɗan nauyi ba karta ba cijewa. A karkata shi a tsiyaye mansa a cikin farin kofi, in man garau ne ko ɗan ruwan zuma to madalla, in toka-toka ne da ƙyalli-ƙyalli a ciki a bar shi a nemo irinsa mai lamba ɗaya, lambar tana jikin 'yar takardar da ke manne a gefensa. A ba kulocin wuta a ƙasa aji ya kama. Tazarar farantin da fuli wajen rabin milimita ce, in ta buɗe da yawa zai kama da safe ya ƙi kamawa da rana in ya yi zafi, mutane da yawa sun sayi kwamfuresa a banza saboda wannan 'yar tazarar da cire wosha ɗaya ke gyarawa.

Wajen ɗaurawa, in akwai mazauni ko wani ƙarfe da ya bambanta a kwance na tsohon injin a mayar kan sabon, shi yasa ba'a saurin sayar da gawar inji. Bel ɗin motar nan mai layi 7 ne, a tabbata fulin kwamfuresa layinsa ya yi daidai kuma a ɗora doguwar rula a goshin fulin da na kusa da shi a ga sun miƙe, don ko ɗan kaucewa kaɗan ne zaka ji bel na kuka da safe gefensa na zarewa. Kuma ka tambayi mai esin yadda ya haɗa bututai da wancan kwamfuresan, in yanka yayi ya walda don bakin ya shiga, gara ka nemo bututan Big Daddy na asali a Ladipo ko Owode Onirin. Duk inda aka kwance a sa sabuwar roba, koriyar nan ta esi, a shafa mata ɗan man kwamfuresa, ba robar famfo ba.

Sai wani abu da kusan kowa ke tsallakewa. Lokacin da motarka take gareji ba inji, bakin bututan nan a buɗe suke suna shan iskar Legas mai laima, in an yi sa'a ne ake ɗaure su da leda. Diraya, wato 'yar jakar tsakuwoyin da ke tsotse danshi, a motarka a gefen kwandensa take, kuma ta riga ta ƙoshi, a canza ta ba tsada gare ta ba. Man esi na PAG ma yana jan ruwa daga iska, in ruwan ya zauna a ciki yana daskarewa a bakin bawul, sanyi ya zo ya ɗauke ya dawo, daga baya kuma ya ci alminiyon ta ciki. Saboda haka dole a sa injin zuƙe iska aƙalla minti 30, a rufe geji a jira wajen minti 15 a ga allura bata motsa ba. Mai esin da ba shi da wannan injin, wanda zai buɗe gas ya ɗan fesar ta ɗaya bakin yace ya kori iska, ka ja motarka kayi gaba. In allura ta motsa akwai yoyo, a matsa naitirojin a bi da ruwan kumfa, kar a sake a matsa iskar oksijin ta masu walda, haɗuwarta da mai fashewa ce.

Man da Denso ta ce a sa shi ne ND-Oil 8, wanda a kasuwa zaka samu da sunan PAG 46, gwargwadon wanda aka tsiyaye a mayar, kar a cika. Gas kuma R134a, kuma da sikeli ake zuba shi ba da ido ba. Akwai sitika a ƙarƙashin bonet da ta faɗi nauyin, na motarka tsakanin gram 500 da 600 ne, ƙaramin gwangwani kuma yawanci gram 340 ne, kaga biyu cif sun yi yawa. Gas in ya yi yawa sanyi raguwa yake yi matsi kuma ya hau. In an gama, da rana tsaka, gejin shuɗi na ɓangaren ƙaramin matsi ya zauna tsakanin psi 25 da 45, ja na ɓangaren babban matsi kuma wajen psi 200 zuwa 250, a sa ma'aunin zafi a bakin iskar tsakiya a ga ya sauko ƙasa da digiri 10.

Tambaya ɗaya da zaka yi wa bakanikenka: birenbos da wayarin na wace mota ce a ciki yanzu? In ya bar na Big Daddy ya kwashe sensoshin tsohon injin ya mayar, wanda haka aka fi yi, to soket ɗinka na nan, sokawa kawai za'ayi. In kuma ya kawo na Muscle ya dasa, aikin ya yi tsawo, don ita Muscle birenbos ɗinta da akwatin esi ta wasu murɗaɗɗun wayoyi biyu da ake kira CAN suke magana, sai ka nemi mai wayarin da ke aiki da zanen waya da na'urar sikanin, ba mai gwada waya da ƙwan fitila yana fasa roba ba. In an mayar da komai fitila ta ci gaba da ƙiftawa, a duba rile mai rubutun MG CLT a akwatin fiyus na cikin bonet, ya saba mutuwa a motocin nan.

Af, rasit ɗin injin, ka tabbata an rubuta lambar injin a jiki ka ajiye shi tare da takardun mota, saboda ranar da za'a tsayar da kai a hanya a ce lamba bata yi daidai da takarda ba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni 'yar kasuwa ce a Idi-Araba, Sienna gare ni 2005 ita nake kai yara makaranta. Tunda aka canza mata inji in muna gudu a kan Third Mainland sanyi har yara na cewa a rage, amma da mun shiga gosulo sai iska ta koma ɗumi allurar zafi ta fara hawa. Bakanike yace wai injin Turai ne bai saba da zafin Najeriya ba, ya cire tamostat ya haɗa fanka dairek amma ba abinda ya canza.

AMSA: Hajiya barka kadai. Kwamfuresanki da gas ɗinki lafiya suke tunda suna sanyi a guje, matsalar iska ce. A kan gada iskar hanya ce take hure kwandensa da lagireto, a gosulo kuwa fanka kaɗai ce take wannan aikin, kuma taki bata yi yadda ya kamata. Iskar ɗumin da kike ji ma wani lokacin motar ce da kanta take kashe esi don ta ceci inji, saboda haka in allura ta wuce rabi ki kashe esi ki samu gefe ki tsaya, kuma kar kowa ya buɗe murfin lagireto da zafinsa.

Ga gwajin da zaki iya sa ayi a gabanki. Mota na silo esi a kunne, a ɗauki fallen takarda a kai gaban kwandensa ta wajen giril, ya kamata iska ta zuƙe ta ta manne. In turo ta take yi waje to an juya wayoyin fanka lokacin haɗa dairek ɗin tana juyi da baya, ina ganin wannan sosai. A duba kuma duka fankokin biyu suna juyi da ƙarfi, don fankar da aka haɗa dairek bata hutawa, gawayin cikin motarta yana cinyewa sai ta koma juyin kasala, ido na ganin tana yi amma iskar ba ƙarfi. A duba robar da ke kewaye da fankokin ko an fasa ta wajen fitar da inji ba'a mayar ba. Sannan a kwance abin da ya riƙe lagireto ta sama a ɗan ja shi baya a leƙa tsakaninsa da kwandensa, wajen nan leda da ganye da laka na ruwan damina suke taruwa suyi katifa, daga waje ba'a gani.

Maganar injin Turai bai saba da zafi ba kuwa, ba haka bane. Injin 3MZ-FE ne, irinsa na yawo a jihohin Amurka masu hamada da suka fi Legas zafi, da tamostat ɗinsa. Tamostat shi ne bawul ɗin da ke sakin ruwa zuwa lagireto in inji ya yi zafi, na Toyota wajen digiri 82 yake buɗewa, in ya buɗe kuma yana toshe wata gajeriyar hanya ta cikin inji don ruwa duka ya bi ta lagireto, in an cire shi wani ruwan sai ya riƙa zagayawa a ciki bai je ya huce ba, da safe kuma inji ya daɗe bai yi ɗumi ba birenbos yai ta ƙara fetur. A sayo mai kyau a mayar, a mayar da fanka kan tsarinta, a fitar da iskar da ta maƙale a hanyar ruwa don bayan sauya inji tana yawan maƙalewa, a sa ruwan lagireto na gaske ba na rijiya ba. In lagireton ya sha ruwan famfo shekara da shekaru hanyoyinsa sun toshe, canza shi ya fi wankin. Kuma tunda Sienna tana da esin baya gas ɗinta ya fi na ƙananan motoci yawa, a bi sitikarta, a kuma leƙa dogayen bututan da suka bi ta ƙarƙashi zuwa baya don tsatsa na cinsu.

TAMBAYA: Maigida ina gaisuwa daga Mile 12. Peugeot 505 ce ta mahaifinmu Allah ya jiƙansa bana son rabuwa da ita, an sa mata injin Toyota mai kafireto. Da tana da esi amma ya mutu tun tuni kuma sabon injin ba wajen ɗaura kwamfuresa. Zai yiwu kuwa?

AMSA: Amin, Allah ya jiƙan Baba. Zai yiwu, kuma ta wani ɓangaren ya fi na Camry ɗin can sauƙi tunda ba birenbos da za'ayi rigima da shi, aikin ƙarfe ne da haƙuri. Kwamfuresan da ake sawa a irin wannan shi ne Sanden SD5H14 da masu kaya suka fi sani da 508, yana da kunnuwa ta ko'ina yana karɓar kowane mazauni. Mazaunin za'a yanka daga ƙarfe mai kauri, milimita 6 ko fiye, a ɗaure shi a jikin injin kansa da noti uku aƙalla, ba a jikin bodi ba don inji na girgiza daban bodi daban, a bar masa hanyar ja don ɗaure bel. Kar a walda shi gaba ɗaya sai an ɗiga walda an gwada da rula an ga fuli ya miƙe da na ƙasa. In fulin ƙasan ba shi da ragowar layi a nemo na irin injin mai layi biyu, kar a yarda da waldar fuli kan fuli, ba ya zama daidai.

Tsohon esin 505 na zamanin gas R12 ne, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina saboda yana ɓata rufin ozon, masu ƙera motoci suka koma R134a wajen 1994, ƙasashe irin namu kuma wa'adinsu ya cika a 2010. Man R12 ba ya haɗuwa da sabon gas, saboda haka in ibaforetar cikin dashbod bata yoyo a wanke ta tas a canza bawul ɗinta, in ta ruɓe a sa irin wadda ake ratayawa a ƙasan dashbod. Tiyo duka sababbi, don gas ɗin yanzu yana tsiyaya ta jikin tsofaffin. Kwandensa a sa na zamani mafi faɗin da zai shiga gaban, da fankar lantarki a gabansa, da sabuwar diraya mai makunnin matsi a kanta, wayar kuloci ta bi ta makunnin nan da na sanyi da rile da fiyus. Abu biyu da ake mantawa: kafireto ba ya ɗaga silo da kansa sai an sa masa ɗan abin da ke tura totur in esi ya kama, in ba haka ba duk tsayuwa mota zata mutu, sannan altanato, kuloci kaɗai na cin amp 3 zuwa 4, buluwa mai hura iska cikin mota da fanka kowanne na iya wuce 10, ƙaramin altanato na da ba zai ɗauka ba da dare ga fitilu ga waifa. Lagireton ma a sa mai layi biyu.

TAMBAYA: Oga wani a unguwarmu a Obalende yana zuba gas rabin kuɗin kasuwa yace na firji ne kuma ya fi sanyi. Ya kake gani?

AMSA: Ka guje shi ɗan'uwa. Gas ɗin firjin yanzu R600a ne, dangin gas ɗin girki, yana kama wuta, ibaforeta kuma a gaban gwiwarka take cikin mota rufaffiya. In kuma R22 na esin gida ne matsinsa ya fi ƙarfin tiyo da robobin mota. Abin da sitika tace shi zaka sa, kuma in motar sabuwa ce ka karanta da kyau, da yawa daga masu shigowa yanzu R1234yf suke sha, bakin zubawarsu ma daban ne.

TAMBAYA: Salam. Ina Bolt da Camry Muscle V6, tunda aka cire tallafin mai fetur ke cinye ribar, fasinja kuma dole esi. Ina so in sauke V6 in sa fulogi huɗu, esin zai yi aiki?

AMSA: Wa alaikumus salam. Tun 29 ga Mayun 2023 nake samun irin wannan tambayar, kuma shawarata ka sayar da ita yadda take ka sayi mai fulogi huɗu. Ba inji kaɗai zaka canza ba, giyar V6 mai hawa 6 ce ta 2.4 mai 5, ga birenbos da wayarin gaba ɗaya da mazaunan inji da salansa, kwamfuresan ma daban, na V6 yana da kuloci na 2.4 ba shi da shi, bututan ma ba hanya ɗaya suka bi ba. Kafin ka gama kuɗin ya kusa cikon da zaka yi a canjin mota, kuma ranar sayarwa dillali na buɗe bonet zai karya farashi.

In dai injin ne ya gaji dole sai an canza, to irinsa zaka saya na shekarun motarka. Ka je kasuwar da bakanikenka da hoton lambar shasi da hoton soket ɗin kwamfuresa da takardar jikinsa a waya, ku kwatanta a wajen kafin a biya. Kafin a sauke tsohon kuma ka fara kai ta wajen mai esi, sau da yawa ana iya kwance kwamfuresa daga jikin inji a ɗaure shi gefe da waya ba tare da an buɗe bututu ko ɗaya ba, gas ɗinka na ciki, a ɗora sabon inji a mayar da shi mazauninsa. In dole sai an buɗe, a toshe kowane baki da murfin roba a naɗe da salatif tun a ranar.